Kukan da Aka Yi wa Kiɗa

Tun kafin ƙarfe tara na safe layi ya wuce ƙofar kantin takalma, kuma duk wanda ya iso gaban teburin Kunne magana ɗaya ce a bakinsa.

"Sa min mai kukan nan."

Waƙar tana da suna, amma ba wanda ya damu da shi. Kwananta tara da fitowa, ta riga ta cinye titin. Kiɗa ne mai nauyi, mawaƙin yana ta koɗa kansa kamar yadda suka saba, sai can a tsakiya komai ya ɗauke, muryar wata mata ta taso da kuka. Babu kalma ko ɗaya a ciki. Kukan zai hau, ya ƙara hawa, ya karye, daidai inda ya karye sai ganga ta faɗo. A nan ne samari ke dafe kai da hannu biyu, su durƙusa, su zabura. Rawar ke nan. Har 'yan makaranta sun iya ta.

Shekara goma sha ɗaya Kunne ya yi a rumfar nan ta ƙarƙashin matakalar bene, yana tura wa mutane waƙoƙi da bidiyo a waya. Jarinsa tsohuwar kwamfuta ce mai fanka mai gurnani, da lasifika biyu, da kebul kala-kala da suka sarƙe a jikin ƙusa. Amma ba su ne ke jawo masa mutane ba. Yanzu kowa yana iya nemo waƙa da kansa, in ya san wadda yake nema. Shi kuwa Kunne ya san wadda za ka so tun kafin ka sani. Sau ɗaya zai saurari sabuwar waƙa ya ce wannan za ta kai wata guda, wannan gobe an manta da ita, kuma da wuya ya kuskure. Shi ya sa titin ya raɗa masa sunan, har na gida suka ɗauka.

Abu na biyu da ke riƙe masa mutane shi ne gyara. In ya gama sa maka abin da ka ce, ya ga da sauran wuri a katin wayarka, sai ya jawo wata folda da ya kira Sababbi, inda yake zuba duk abin da ya shigo masa, ya juye maka iya abin da katin zai ɗauka. Ba ya dubawa, ba ya tambaya. "Ba a barin kati da yunwa," haka yake cewa.

Mai gyaran waya da ke rumfar kusa, dattijon da ake kira Injiniya, ya ɗago daga kan aikinsa ya ture tabarau zuwa goshi.

"Kunne, don girman Allah ka sauya mana wata. Tun safe matar nan take kuka a kaina, har na ƙona wayar mutane."

"Tsufa ne kawai, Injiniya. Hannu ya fara rawa, sai a ɗora wa waƙa."

"Ku dai ke rawa. Ni ban taɓa ganin inda mutum yake kuka ana tiƙar rawa ba sai a zamaninku."

"Ai ba kukan gaske ba ne. Wata suka kira situdiyo ta yi musu, ta karɓi rabonta ta tafi ci da 'ya'yanta."

"To lallai ta iya," in ji Injiniya, ya mayar da tabaransa.

Ana haka wani kwandastan bas ya kutso ta cikin layi, yana ɗaga waya sama kamar wanda ya tsinci zinariya.

"Kunne, yau na riga ka! Bidiyon mai kuka ya fito!"

"Ƙarya kake."

"Ga shi nan da ɗuminsa. Yau kunnenka ya yi barci."

Aka kwashe da dariya. Kunne ya ji abin har cikin ransa, don ba ya son a riga shi. Ya fizge wayar ya jona, layi ya watse, kowa ya matso yana leƙen allon kwamfuta ta saman kafaɗar wani.

Abin da aka saba ne. Motocin aro, hayaƙi mai launi, mawaƙi da baƙin tabarau yana nuna kansa da yatsa. Sai kiɗa ya ɗauke. Allon ya koma toka-toka. Ga titi jiƙe da ruwan sama, ga ƙafafun mutane sun yi da'ira, ga wata mata a durƙushe cikin laka, ɗankwalinta ya faɗi, ta rungume yarinya mai kayan makaranta. Fuskar yarinyar tana kwance a kafaɗar matar, ruwa yana ɗiga daga kitsonta. Sakan biyu. Ganga ta faɗo.

"Kai, an iya aiki!" in ji wani.

"Kamar gaske!"

Kunne ya matso da fuskarsa kusa da allon. Ya san zanen da ke jikin matar. Ya san shuɗin ƙyauren da ke bayanta. Ya san har wurin da mai ɗaukar hoton ya tsaya, domin ƙafafunsa ne suka tsaya a wurin.

* * *

Yayarsa ce. Ita ta goya shi, ita ta sha duka a madadinsa sau ba adadi. Da mijinta ya rasu ta dawo gidansa da 'yarta ɗaya tilo, wadda suke kira Kurciya, saboda in tana cin abinci sai ta riƙa wani ɗan guɗa a maƙoshi. Shekararta shida.

Wata bakwai da suka wuce aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, daidai tashin makaranta. Magudanar da ke bakin titinsu ta shekara a buɗe, kowa yana tsallakewa yana tsaki, ba wanda ya ɗora mata ko katako. Ranar ruwa ya shafe ta, ba a gane titi ba a gane rami. Yaya tana riƙe da hannun Kurciya, sai ta ji hannun babu. Ta faɗa ruwan ita ma. Can ƙasa, wajen shuɗin ƙyaure, wasu maza suka tsamo su.

Kunne ya iso da gudu, ya ratsa mutane. Abin da ya yi kuwa shi ne abin da hannunsa ya saba: ya zaro waya. Daga baya ya gaya wa kansa wai shaida yake so ya riƙe, don a nuna wa waɗanda suka bar ramin a buɗe. Bai nuna wa kowa ba. Bai je ko'ina ba. Gaskiyar ita ce mutumin da ya shekara goma yana kallon duniya ta cikin gilashi, ranar da duniyar ta faɗo masa a ka, gilashin ya fara nema.

Yaya ta yi wata shida a ɗaki. Ba ta kuka, ba ta magana, in an ajiye abinci ta ci loma biyu ta ture. Sai mako uku da suka wuce ta fito da safe ta ɗaura zane, ta ce za ta koma shagon wanki da guga inda take aiki. Matar Kunne ta shiga kicin ta yi ta hawaye don murna.

Ranar da ya ga bidiyon, Kunne ya rufe rumfa tun la'asar. Ya tarar da Yaya a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti.

"Yau kuma lafiya, sarkin kiɗa? Ko wuta aka ɗauke muku?"

"Kaina ke ciwo, Yaya."

"Ba dole ba. Mutum ya wuni yana zuba wa kansa ganga a kunne." Ta yi ɗan murmushi, na biyu ko na uku tun bayan abin. "Je ka watsa ruwa."

Maimakon haka ya shiga falo ya cire rediyo daga soket, ya naɗe igiyar wutarta, ya tura ta ƙarƙashin gado. Matarsa ta biyo shi tana kallon ikon Allah. Ya ja ta kicin, ya tura ƙofa, ya gaya mata. Bai gaya mata wanda ya ɗauki hoton ba.

Ta jingina da bango. "Waƙar da nake bi ina wanke-wanke?"

"Ita."

"Na shiga uku. Har rawar na gwada." Ta toshe baki da gefen zane. Can ta sauke. "To yanzu rediyo ka ɓoye? Bas ɗin da take hawa fa? Shagon da take aiki fa, da 'yan matan nan da waya ba ta barin hannunsu? Sai ka naɗe titin gaba ɗaya ka tura ƙarƙashin gado."

"Ba wanda yake gane muryarsa in an naɗa. Ni da nake sana'ar ma ban gane ta ba."

"Bidiyon fa?"

Ya juya ya dubi ƙofar kicin.

"In ta gani, wallahi ɗakin nan za ta koma," in ji matarsa. "Wannan karon kuma ban san ko za ta fito ba."

Daga tsakar gida suka ji ƙarar shinkafa tana zuba cikin tukunya. Daga can bayan katanga, a wani gida, wani ya kunna waƙar ƙasa-ƙasa. Kunne ya buɗe famfo har ƙarshe, ya bar shi yana zuba a kan komai babu.

* * *

Washegari ya ƙi sa wa kowa.

"Babu ita."

"Kamar yaya babu? Jiya a nan na ji ta!"

"Na ce babu. Ga wasu nan birjik, zaɓi."

"Kunne ya tuba, jama'a! Gobe sai mu zo a sa mana wa'azi."

Suka tsallaka titi zuwa rumfar wani da bai fi wata huɗu da buɗewa ba. Shi kuwa da ya ga kasuwa ta zo masa har ƙofa, sai ya juyo da lasifikarsa ta fuskanci matakalar bene, ya ƙure murya. Duk bayan minti huɗu Yaya tana kuka daga tsallaken titi. Kunne ya lura da abin da bai taɓa lura da shi ba a kwana tara: kafin kukan ya karye akwai wata 'yar shaƙewa, irin wadda take yi tun suna yara in ta yi dariya da yawa.

Abu ɗaya ya hana shi sakat. Bai taɓa tura wa kowa hoton nan ba. Ko shi kansa bai sake buɗe shi ba. To ta ina ya fita? Wani ne ya tsaya a bayansa ya ɗauka? Ko wani ɓarawo ya shiga wayarsa? Ya fi son ya zama ɓarawo ne. Ya ma fara shirya abin da zai yi masa.

Sanin mutane sana'arsa ce, kafin azahar ya samo inda mai haɗa kiɗan yake. Wani ɗaki ne a saman shagon fenti, an manne bangonsa da kwalin ƙwai don kada ƙara ta fita. Mai haɗa kiɗan matashi ne siriri, mai ladabi, ya miƙe tsaye da ya ji wanda ya zo.

"Kunne da kansa? Yallaɓai, ai kai ne ka tashi waƙar nan. An ce min rumfarka kaɗai ta sa wa mutum ya fi ɗari uku."

"Matar da ke kuka a ciki. A ina ka samo ta?"

"Ka ji ta ko? Wallahi ranar da na ji muryar nan tsigar jikina ta tashi. Na ce wannan ba a barin ta ta lalace a banza. Ko gyara ta ban yi ba, yanka ta uku kawai na yi."

"Yayata ce. Yarinyar 'yarta ce. Ta mutu a ranar."

Matashin ya zauna a hankali. Ya shafa kai. "Allah ya jiƙanta. Ban sani ba, wallahi. Na ɗauka daga wata ƙasa ne, irin waɗanda ke yawo."

"In daga wata ƙasa ne, ba uwa ba ce?"

Matashin ya sunkuyar da kai.

"Wa ya ba ka?"

Matashin ya dube shi wani iri, sannan ya juya ga kwamfutarsa ya yi 'yan danne-danne. "Ƙanwata ce ta kai katinta a sa mata waƙoƙi. Da ta dawo na ara ina dubawa, na gan shi a cikin tarkacen gyara." Ya karkato allon. "Ga shi."

Duk fayil ɗin da ya bi ta kwamfutar Kunne yana fita da tambari a gaban sunansa, don talla. Shi da kansa ya tsara haka, yana alfahari da dabarar. Ga shi nan da manyan baƙaƙe: KUNNE, sai lambar wayarsa, sai kwanan watan da aka yi ruwan.

Nan take ya tuna. Kwana uku bayan jana'iza ya koma rumfa, wayarsa ta cika, ya juye ta a kwamfuta kamar yadda yake yi duk mako. A Sababbi yake juyewa. Komai sabo can yake zuwa.

"Ka sauke waƙar," in ji shi.

"Yallaɓai, kai ma ka san aikin nan. Ko na sauke tawa, tana wayar mutum nawa? Zarar bunu ce. Kai ne ma za ka gaya min."

"To goge wannan. Yanzu, ina kallo."

Matashin ya goge, ya shiga kwandon shara na kwamfutar ya sake gogewa, ya ɗaga hannuwa sama. Har Kunne ya kai ƙofa ya ji ya ce, "Amma fa ka gaya mata, muryarta ta taɓa mutane."

Kunne ya tsaya ya dube shi. Ya ga da gaske yake, yabo yake nufi. Ya sauka daga benen.

* * *

Ya same shi a Sababbi, tsakanin wata waƙar biki da bidiyon wani mai barkwanci. Wata bakwai yana nan. Kati nawa ya cika a wata bakwai? Bai yi ƙoƙarin lissafawa ba.

Ya zare kebul ɗin lasifika, ya buɗe shi ba murya. Minti biyu da sakan goma sha ɗaya. Hoton ko girgiza ba ya yi, an riƙe wayar da kyau, hannu biyu. Ya ga Yaya tana jijjiga yarinyar. Ya ga wani mutum yana ɗaga hannu yana neman mota. Ya ga wasu wayoyin guda biyu a ɗage a cikin taron. Can wajen ƙarshen minti na farko yatsun Kurciya suka motsa a bayan uwarta, sau ɗaya. Ko motsinta ne, ko jijjigar ce, Allah kaɗai ya sani. Sannan Yaya ta ɗago ta dubi cikin wayar, bakinta yana buɗewa yana rufewa. Ba ya bukatar lasifika don ya san abin da take cewa.

Ya goge shi daga Sababbi. Ya goge daga kwandon shara. Ya ɗauko faifan ajiya da yake kulle a durowa, ya nemo shi, ya goge. Ya duba tsohuwar wayarsa, yana nan, ya goge. Da ya gama sai ya ji ƙirjinsa ya ɗan yi sauƙi, har ya sayi ruwan sanyi ya sha. Mai laifi in ya share shaida yakan ɗauka wanka ya yi.

Injiniya yana kallonsa ta saman tabarau tun ɗazu.

"Kunne, wani ne ya mutu?"

"Tun wata bakwai."

Dattijon ya dubi tsallaken titi inda kukan ke tashi, ya dubi Kunne. Ya san Yaya, ya je ta'aziyya. A hankali ya ajiye abin da ke hannunsa.

"Inna lillahi," ya ce.

* * *

Kwana biyu bayan haka, da rana tsaka, mutum huɗu ne kawai a gaban teburin. Kunne yana sunkuye yana neman kebul, ya miƙa hannu ya karɓi wayar na gaba ba tare da ya ɗago ba. Sai ya ga hannun. Yatsu ne da ruwa da sabulu suka jeme, fatar ta yi fari ta tattare.

Layi ta bi, kamar kowa. Rigar aikin shagon wanki tana jikinta.

"Yaya! Me ya... ai da kin aiko. Zo ki zauna. Injiniya, miƙo kujera."

"Bar shi. Hutun rabin awa aka ba ni."

A tsallaken titi kiɗa ya ɗauke. Kunne ya fara magana da ƙarfi, ko me yake faɗi bai sani ba, wai rana, wai zafi. Yaya ta jira har ganga ta faɗo.

"Daina wahalar da kanka, ƙanena. Yau kwana takwas da na ji ta a bas. Da kukan ya taso na ce wa kwandasta ya sauke ni, na ƙarasa a ƙafa. Kai kana ɓoye rediyo, kai da matarka kuna ta buɗe famfo. Na bar ku ne kawai, na ga kuna ƙoƙari."

"Yaya..."

"Jiya wata yarinya a wajen aiki ta nuna min bidiyon. Ba ta sani ba, baiwar Allah. Cewa ta yi, Anti zo ki ga abin tausayi." Ta dube shi. "Na ga fuskar Kurciya."

Mutum ukun da ke bayanta sun fara gajiya. Ɗaya ya ce, "Hajiya, a taimaka a yi sauri mana." Injiniya ya daka masa harara, ya yi shiru.

"Na san kai ka ɗauka," in ji Yaya. Ba faɗa a muryarta, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi. "Na gan ka ranar. Sau uku na kira ka ka kama min ita. Ban zo don wannan ba, wannan tsakaninka da Allah ne. Wayata ta tafi a ruwan nan, duk hotunanta suna ciki. Wata bakwai ina rufe ido ina neman fuskarta, tana ɓace min kaɗan-kaɗan. Hancin ya fara tafiya. Na yi ta jin nauyin in tambaye ka. Yanzu tunda duniya ta gani, ni ma a ba ni. Ba wanda aka yanka ba. Cikakken nake so."

Fankar kwamfuta tana ta gurnani. Akwai waƙa dubu arba'in a cikinta, da bidiyon mawaƙan da bai taɓa gani ido da ido ba. Yarinyar da ta shekara biyar tana cin abinci a tabarma ɗaya da shi, bai taɓa ɗaga waya ya ɗauke ta tana da rai ba.

"Na goge," ya ce.

"Ka me?"

"Shekaranjiya. Duka. Har na wurin mai haɗa kiɗan na sa ya goge. Na ɗauka... don kada ki gani."

Ta dafa teburin.

"Wata bakwai yana hannunka kana raba wa mutane. Da ya zo kaina sai ka goge."

"Zan nemo. Yana katin wani, dole. Duk wanda ya zo zan duba, zan sa sanarwa..."

"Ka sa sanarwa a ce me? Wanda yake da gawar 'yar yayata a waya ya taimaka ya kawo?" Ta girgiza kai. "A'a. Sa min waƙar."

"Yaya, don Allah."

"Bidiyon. Sa min."

"To bari in yanko miki wurin kawai. In cire kiɗan, in tsayar da hoton, in wanke miki shi babba..."

"Kada ka ƙara sa mata almakashi. An yanka ya isa. A hoto ba ta motsi. A nan ruwa yana ɗiga daga kitsonta, ni na yi mata kitson da safen. Sa min yadda kowa yake da ita."

Ya jona wayar. Sai da ya gwada sau biyu. Layin kore ya fara tafiya a allo, ya cika. Katin nata kusan babu komai a ciki. Ya zare kebul ya miƙa mata da hannu biyu, bai iya ɗago ido ba.

Ba ta tafi ba. Ta zauna a matakala ta uku ta benen, gefen rumfar, ta ɗora wayar a gwiwa ta kunna. Motocin aro suka wuce, da hayaƙi mai launi. Kiɗa ya ɗauke. Kukanta ya fito daga 'yar ƙaramar lasifikar wayar, siriri, kamar daga ƙasan rijiya. Ta kai yatsa don ta tsayar, amma gilashin bai ji jemammen yatsan ba. Ganga ta faɗo, mawaƙi ya dawo yana nuna kansa.

Wata budurwa da ke layi ta taɓo ƙawarta. "Ke, dubi Mama. Ita ma ta san ta zamani."

Yaya ta goge yatsan a jikin rigar aiki, ta ja bidiyon baya, ta matso da wayar kusa da fuskarta, ta jira kukan ya sake hawa.